MUSHEN DA BA YA CIN TUWON DAWA

Shafi na 23

Masu aiko min da saƙo cewa in na kashe Lado kun daina karatu, na ji ku. Ni ma ba son ganin jininsa nake ba, mutanen Garin Ɓaure ne ba su da haƙuri. Wanda ya shigo yau kuma ya matso kusa. Muna can zamanin Turawa, Ingila a nan, Faransa a hayin Maigatari. Saniyar Manu Bafillace ta mutu ba yanka a bakin kududdufi, gari ya waye babu mushenta. Sai Iya Hajjo ta rantse ta ji Mati mai raƙumi yana gaya wa Lado mahauci cewa ya sauke masa mushe a gida. Mati kuwa tuni ya kaɗa raƙuminsa ya bar gari. Kuma duk garin babu wanda bai ci tsiren Lado ba a kasuwar da ta wuce.

*

Ko da Laure ta iso mahauta, sun riga sun ɗaure shi a jikin tsamiya da igiyar da yake kayar da bijimi. Rigarsa ta rabe biyu, goshinsa ya fashe, jini na bin gefen hancinsa yana ɗiga a ƙirji. Wani ƙato ya samu ƙashin cinyar bijimi yana ta maka masa a haƙarƙari. Abin da ya fi ba ni haushi, waɗanda suka fi zafin hannu su ne waɗanda kullum suke tsaye gaban tukubarsa suna roƙon gyara.

Laure bazawara ce mai sayar da waina, kuma Allah ya jarrabe ta da ciwon bin diddigi. Ita ta gano wanda ya sace akuyar liman bara, tun daga nan ba ta ƙara yarda akwai abin da zai gagare ta ba. Yau kam abin ya taɓa ta, don wanda ke ɗaure ɗin nan shi zuciyarta ke so, ko da yake ba ta taɓa yarda ta faɗa ba.

"Ku matsa min, ko in shafa wa mutum abin da ke cikin ƙwaryar nan."

Aka buɗa mata. Ta durƙusa gaban Sarkin Pawa Hudu, tsohon da ke zaune kan gungumen sara nama, gatari jingine da gwiwarsa.

"Baba Sarki, ga ƙahon saniyar Manu. A kwazazzabon bayan gari na tsinto shi. Ga kuma wannan."

"Mene ne wannan?"

"Kashin kura ne. Fari fat, ga jan gashin saniyar nan a ciki. Kuraye suka ja ta, ba Lado ba."

Wani daga baya ya ce, "Waina ta daina ciniki, Laure an koma tallan kashi."

Aka kwashe da dariya. Sarkin Pawa bai yi ba.

"Laure, kura tana cin ragowa bayan an yanke tsoka. Wannan ba shaida ba ce." Ya juya wajen tsamiya. "Lado, zan sake tambayarka a gaban jama'a. Ka ciyar da Musulmi mushe?"

Lado ya tofar da jini. "Ban taɓa sayar wa kowa haram ba, Baba."

"To rantse Mati bai sauke maka mushe a gida ba."

Lado ya kawar da ido gefe.

"Rantse mana."

Lado ya sunkuyar da kai. Nan fa wurin ya sake rincaɓewa. Sanda ta sauka a kafaɗarsa, wata a ƙauri, wata tsohuwa ta watsa masa ƙasa a fuska tana kakarin amai. Dagaci ya tafi Gumel da 'yan doka, babu mai cewa a bari.

Sarkin Pawa ya ɗaga hannu, aka lafa.

"An caje gidansa ba a ga nama ba, ban da ɗakin mai takaba da namiji ba ya shiga. Na ba shi zuwa la'asar. Ladan na buɗe baki, in bai faɗi gaskiya ba, hannun daman nan zai hau gungumen nan. Ni na ba shi wuƙa yana yaro, ni zan karɓe hannun da ya riƙe ta."

Kowa ya san tsohon ba ya mayar da magana.

Laure ta matsa jikin tsamiya kamar za ta goge masa jini da gefen zaninta, ta yi ƙasa da murya.

"Kai wane irin taurin kai ne da kai? Rantsuwa ce fa kawai."

"Ke da kika ce ba kya auren mahauci, mene ne naki a ciki?"

"Cewa na yi ba na auren mai ɓoye mace a ɗaki."

"Gwaggona ce. Takaba take."

"Gwaggo mai ƙafa kamar akushi? Na ga sawunta a bakin randa. Kuma tun yaushe mai takaba ta fara warin taba sigari?"

Ya so ya yi dariya, haƙarƙarinsa suka hana shi.

"Hannunka ne fa, Lado. Da shi kake yanka, da shi kake dambe. In suka farfasa shi da me za ka ci abinci?"

"Sai ki dinga ba ni a baki."

"Allah ya kiyaye."

Sai fuskarsa ta canza. Ya dube ta sosai, irin kallon da bai taɓa yi mata ba.

"Laure, don Allah ki bar binciken nan. Ki tafi gida."

Tunda take da shi bai taɓa haɗa ta da Allah ba. Wata macen da sai ta ji, ta koma gida ta yi kukanta. Laure kuwa abin da ta ji kawai shi ne akwai wani abu da ba ta tono ba tukuna.

*

A rumfarta ta tarar da Iya Hajjo, kakarta, tana jiran tanda. Wainar ta ƙone ƙurmus, tsohuwa ba ta ko ji ƙauri ba, tana can tana ba wa wani baƙo labarin yadda ta ceci gari daga cin haram. Iya Hajjo kunnenta ya daɗe da yin nauyi. In ka ce mata ina kwana sai ta ce maka ba ta da gyaɗa. Amma a kan maganar nan ta dafa Alƙur'ani.

Baƙon dogo ne, ya naɗa rawani irin na mutanen arewa, ya ɗaure idonsa ɗaya da tsumma. A gefen tsumman fatar ta yi shuɗi-shuɗi, Laure ta ɗauka baba ne na rinin rawaninsa ya zuba. Tun hantsi yake zaune nan yana cin waina a hankali, ya ce sunansa Ilu, daga hayin Faransa fatauci ya kawo shi.

Laure ta durƙusa daf da kunnen tsohuwa.

"Iya, maimaita min abin da Mati ya ce. Kar ki rage komai."

"Na rage me? Ni ban ci komai ba tun safe."

"Maganar Mati mai raƙumi nake nufi."

"Yo sau nawa zan faɗa? Ina bayan danga ina tsinkar zogale, ya ce, Lado, ga mushen nan na sauke maka, tun daga Magarya nake ɗauke da shi cikin buhunan kanwa, kar ka bari kowa ya gan shi."

"Magarya ta hayin Faransa? Iya, saniyar Manu a bakin kududdufinmu ta mutu."

"To ni na san hanyar da suka bi da ita?"

"Sai kuma me ya ce?"

"Shi ke nan. Sai 'yan ƙananan maganganu."

"Su nake so."

Tsohuwa ta taɓe baki. "Ya ce a dinga ba shi ruwan zafi da safe. Ka ji mugunta, wato don naman ya yi laushi. Ya ce kuma a yi hankali, ba ya cin tuwon dawa, yana ɓata masa ciki."

Laure ta saki baki.

"Iya, mushen ne ba ya cin tuwon dawa?"

"Ai na ce ƙila shi ya kashe saniyar."

"Me ya sa ba ki gaya wa Sarkin Pawa wannan ba?"

"Wa ya tambaye ni abincin saniya?"

Baƙon ya yi wata 'yar dariya ta cikin maƙogwaro. Laure ta juya, sai a lokacin ta tuna daga inda ya ce ya fito.

"Malam Ilu, kai mutumin hayi ne. Don girman Allah, a wajenku akwai mushen da ke shan ruwan zafi?"

Ya ajiye wainar da ke hannunsa.

"Akwai mana, baiwar Allah. Ku naku mushen dabba ce da ta mutu ba yanka. Mu ma muna da wannan. Amma akwai wani, ana ɗan jan ƙarshensa. Kalmar Turawanmu ce. Malamin lakwal, wato makarantar Nasara, shi ake ce wa Mushe. Mushe wane, Mushe wane."

"Mutum ne ke nan."

"Mutum ne da ransa."

Laure ta zauna daɓas a ƙasa. Sawun nan kamar akushi, warin sigari, shayin da Lado ya fara saye shi da ko kunu ba ya sha da zafi, komai ya taru ya zauna mata a kai. Ga dalilin da ya hana shi rantsuwa, don kuwa Mati ya sauke masa Mushe da gaske. Daɗi ya kama ta har ta manta a gaban wa take.

"Gwaggo mai takaba," ta ce a fili. "Wallahi gwaggo mai takaba ce."

"Wace gwaggo?" in ji baƙon, a hankali, kamar mai tambayar hanyar rijiya.

"Ta gidan Lado mana, wanda suka ɗaure a mahauta. Doguwa, ba ta fita, ba ta magana. Ashe ƙato ne." Ta kwashe sauran wainar da ba ta ƙone ba ta juye masa a faifai, ta ƙara masa mai. "Ci, Malam, kyauta ce. Ka ceci hannun bawan Allah yau."

Ta tattare zani ta zura da gudu. Allah sarki Laure, ko waiwaye ba ta yi ba.

*

Inna A'i, mahaifiyar Lado, tana zaune a tsakar gida ta haɗa kai da gwiwa. Tana ganin Laure ta nufi ɗakin takaba ta miƙe ta tare ƙofa.

"Laure, ki ji tsoron Allah. Lado ya ce ko kashe shi za su yi kar in buɗe baki."

"Ba sai kin buɗe baki ba, Inna. Asabari zan buɗe."

Ta zame ta ƙarƙashin hannun tsohuwar, ta wuce da muciyar da ta tsinta a bakin murhu. A ƙuryar ɗaki wata doguwar halitta na zaune lulluɓe da baƙin zani, ta juya wa ƙofa baya.

"Gwaggo, ina wuni. Ya ƙarin haƙuri?"

Halittar ta gyaɗa kai.

"Allah ya ji ƙan mai gidan naki. Gemu ya bar miki gado?"

Ta fizge lulluɓin. Wani siririn mutum ya bayyana, da tabarau, da gemun da ya kwana biyu bai ga aska ba, da guntun sigari a bayan kunne. Kafin ya ce uffan ta sauke masa muciya a tsakar ka, ƙwas. Tabarau ya yi gefe.

"Wannan na baƙin cikin da na dinga kwana da shi ne, ina zaton kishiyar da ba a ma aure ni ba aka yi min. Tashi."

Mutumin ya dafe kai yana laluben tabarau. "Baiwar Allah, me na yi miki?"

"Kai ne Mushe?"

Ya maƙala tabarau a fuska. Ya dubi Inna A'i da ke kuka a bakin ƙofa.

"Ni ne. Rabe sunana. Inna ce ta shayar da ni tare da Lado, shekarar da suka yi ci-rani a Magarya. Ɗan'uwana ne na nono."

"To ɗan'uwanka na nono yana ɗaure a tsamiya tun safe. Sun fasa masa kai, sun karya masa haƙarƙari. Sun ce mushen saniya ya ɓoye a gida ya sayar wa mutane. An ce ya rantse babu mushe a gidansa, ya ƙi. Ana kiran la'asar za a farfasa masa hannu da gatari."

Rabe ya miƙe har kansa ya bugi azara.

"Inna, kika ce min kasuwa ce ta riƙe shi."

"Shi ya ce in faɗa maka haka, ɗan nan."

"Muje," in ji Laure. "Su gan ka da idonsu, magana ta ƙare."

Inna A'i ta riƙe masa zani. "Rabe, in ka fita sun same ka."

"Su wa?" in ji Laure.

"Wani sojan Faransa ne, baƙar fata irinmu," ya ce, yana ƙoƙarin kwance zanin. "Ya kayar da uban wani ɗalibina a ƙofar lakwal yana zabga masa dorina, tsoho yana ihu. Kwalbar tawada ce a hannuna, sai na jefe shi. Ta fashe masa a fuska. Ya rantse ko ƙarƙashin ƙasa na shiga sai ya..."

Daga can masallaci ladan ya yi gyaran murya.

Rabe ya saki ƙullin zanin da ya ƙi kwantuwa. Ya ɗan tsaya, ya dubi tsohuwar da ta ba shi nono, sannan ya cire hannunta daga jikinsa a hankali.

"Ba zan zauna cikin zani a yanke wa Lado hannu ba, Inna. Muje, baiwar Allah."

*

Sun jiyo ihun tun daga bakin rijiya.

An kwanto hannun daman Lado daga tsamiya, ƙarti uku sun danne shi a kan gungume, sauran jikinsa na ɗaure. Sarkin Pawa ya juya gatari ta wajen ƙeyarsa. Hawaye na bin gemun tsohon, amma ya ɗaga.

"Baba Sarki, tsaya!"

Laure ta makara da kaɗan. Ƙeyar gatari ta sauka, sai dai ihun nata ya sa hannun tsohon ya goce, ta samu ƙaramin yatsa kaɗai. Ƙarar ƙashin ta fito ɓaras. Lado bai yi kuka ba, ya dai cije leɓe har haƙori ya nutse, jini ya fantsama a rigar Sarkin Pawa.

Laure ta ture na gabanta, ta finciko Rabe tsakiyar fili, da zaninsa, da tabarau a karkace, da ƙulun muciya a tsakar ka.

"Ga mushen da Mati ya sauke. Ku ci shi in kun ga dama."

Jama'a suka zuba wa Rabe ido.

"Wannan ai mutum ne," in ji Sarkin Pawa.

"Mutum ne, Baba. A hayin Faransa malamin makaranta Mushe ake ce masa. Iya Hajjo ta ji daidai, sau ɗaya a rayuwarta, sai dai ba ta san me ta ji ba."

Rabe ya gyara tabarau. "Sunana Mushe Rabe, ranka ya daɗe. Ban mutu ba, kuma ba a sayar da ni a tsire ba."

Wani ya fara ƙyalƙyalawa daga baya, sai ta kama kowa. Mai ƙashin cinya ya yar da shi a ɓoye yana dariya kamar ba shi ba. Tsohuwar da ta yi ta kakarin amai ta ce ita dama ta san naman nan lafiyarsa ƙalau. Ni dai irin mutanen nan ba na yafe musu da wuri. Sarkin Pawa ya saki gatari, ya durƙusa gaban yaronsa ya riƙe hannun da ya fasa.

Laure ta iso wajen Lado tana haki, fuskarta fal alfahari. Ta yage gefen ɗankwalinta za ta ɗaure masa yatsa.

"To ka gani. Da na ji maganarka na tafi gida, da yanzu wa zai dinga ba ka a baki?"

Lado bai yi dariya ba. Idonsa na kan Rabe da ke tsaye a fili, kowa na kallonsa.

"Laure, ke ba ki taɓa ƙetare Maigatari ba."

"To sai me?"

"Wa ya fassara miki kalmar nan?"

"Wani bawan Allah ne mutumin hayi, yana cin waina a rumfata. Mai ciwon id..."

Sai ta tuna. Kwalbar tawada. Fuska. Shuɗin nan da ta ce baba ne.

"Ni ne," aka ce daga bayanta.

Jama'a suka buɗa. Ilu ya tako a hankali yana lashe man wainarta daga yatsunsa. Ya sa hannu ya warware tsumman. Babu ido a wurin, sai wani rami da ya haɗe, tawada ta zauna daram cikin tabon.

"Kasuwa nawa na zaga ina nemanka, Mushe. Ashe takaba kake yi min tun ban mutu ba." Ya dubi Laure da ɗayan idon. "Wainarki da daɗi, baiwar Allah. Na gode da kyauta."

Ya zaro wuƙa daga damtsensa.

Waɗanda ɗazu suke rige-rigen dukan ɗaurarre duk suka ja da baya. Rabe ya so ya matsa, zani ya harɗe shi ya faɗi a gindin gungume.

"Kwance ni," in ji Lado. "Laure, kwance ni."

Ta faɗa kan igiyar. Ƙullin ya sha jini ya kumbura, farcenta ya karye a kai bai ko motsa ba. Ta sa haƙori tana ja, tana jin gishirin jinin Lado a bakinta, tana kallon Ilu ya taka wuyan Rabe da ƙafa ɗaya, ya ɗaga wuƙar.